Ranar da Na Kwashe Jiragen Baba

Mahaifinmu direban jirgin ƙasa ne. Ya yi shekaru yana jan kaya da fasinja tsakanin Kafanchan da Makurɗi, kuma da yake Lafiya a kan hanya take, a nan ya bar mu, a gidan gado da ke bayan tasha. Ina ajin ƙarshe a firamare ya dawo daga wata tafiya da kwali a kafaɗa. Wani injiniya Ba'indiye da suka yi aiki tare ne zai koma ƙasarsu, ɗansa kuma ya wuce wasa, sai ya ce Baba ya kai wa yara. A cikin kwalin akwai guntayen layin dogo da ake haɗawa, da taragu da ba su fi tsawon tafin hannu ba, da kan jirgi uku: baƙi mai bututun hayaƙi, da kore, da ja. Akwai kuma wani akwatin ƙarfe mai nauyi, taransifoma, da abin murɗawa a samansa irin na ƙara muryar rediyo.

An ce yara aka kawo wa, amma ba yaron da ya isa ya taɓa. Baba ya sa kafinta ya yi masa faffaɗan tebur a ɗakin da ke jikin zaure, ya shimfiɗa layin a kai, ya yi tashoshi biyu da kwalin sukari. Ɗaya ya ce Lafiya ce, ɗaya Agyaragu, tashar da ke gaba da ita. Yayana, babban ɗan gidan, ya leƙa sau biyu ya koma ga ƙwallonsa. Ni ce na liƙe a bakin ƙofa har Baba ya gaji ya ce, "Uwata, shigo." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka.

Aikin abin ba wuya. Wuta na fita daga akwatin ta shiga layin, jirgi ya sha ta ƙafafunsa. Ka murɗa kaɗan ya taso a hankali, ka ƙara ya ƙara gudu, ka mayar ya tsaya. Layin kake ba wa umarni, don haka duk jirgin da ke kai tare za su tashi, tare za su tsaya. Wannan ya dami Baba. So yake ɗaya ya jira a tasha ɗaya ya wuce, yadda ake yi a aikin gaske. Ina aji uku a sakandare, bayan an koya mana yadda wuta ke zagayawa, na ce masa in aka yanka layin gida-gida, kowane gida da makunninsa, za a iya kashe wa wani wuta a bar wa wani. Ya dube ni ya ce in gwada. Na ari ƙarfen dalma na liƙa waya wurin mai gyaran rediyo na unguwarmu, na shige ƙarƙashin tebur. Hutu guda na cinye a can. Na ƙona yatsu, na ƙona gefen zane, amma ranar da kore ya tsaya a Agyaragu baƙi ya wuce shi, Baba ya kira Inna daga madafa ta zo ta gani.

Gwaggo, yayar Baba, ba ta ga abin burgewa ba. Ta ce yarinyar da ke warin dalma ba mai aurenta. An aure ni. Na kuma zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, ina zaune da mijina a cikin gari. Yaya kuwa ya karanta aikin injiniya, ya samu tafiya Jamus ƙaro ilimi, aiki ya riƙe shi a can.

Bayan Baba ya yi ritaya da 'yan shekaru, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi. Mutumin da muryarsa ke cika zaure ya koma sai ya yi ta kokawa kafin kalma ɗaya ta fito. Likita ya ce a riƙa motsa masa hannu, amma ya ƙi duk abin da aka kawo. Wata rana bayan la'asar na ce a ɗauko shi da kujerarsa a kai ɗakin jirgi. Na ɗora hannunsa na hagu a kan abin murɗawar. Da farko fizga yake yi, baƙin ya zabura ya kife a kwana. Na ɗaga na mayar, ya sake kifar da shi. Na ga hawaye a idonsa, na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa. Kafin damina ta fita, Baba na iya taso da baƙin a hankali, ya zaga da shi, ya tsayar da shi daidai bakin tasha ba gaba ba baya. Saboda yawan ɗauke wuta, na haɗa masa wani abin murɗawar da batirin mota. A lokacin jirgin gaske ya yi wuya, sai a yi makonni ba a ji kukansa ba. Wanda ya rage wa Baba shi ne na kan teburin.

A ƙarshen shekarar casa'in da huɗu, lokacin da doya ta cika kasuwa, Yaya ya zo hutu. Gaskiya ɗaya ce, Yaya bai taɓa sake da Baba ba. Magani daga wurinsa yake zuwa, keken guragu ma shi ya aiko. Wannan karon ya zo da akwati na musamman, ya hana kowa buɗewa sai da aka taru. Har abokin Baba ya zo, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon da suka yi aikin jirgi tare.

Yaya ya shimfiɗa sabon layi a kan tabarma, ya ɗora sababbin jirage biyu, ya fito da wani abu kamar kalkuleta mai ƙananan maɓallai. Ya ce wannan shi ne dijital. Wuta kullum a cike take a kan layi, ba a ragewa ba a ƙarawa. A cikin kowane jirgi akwai wani ɗan allo kamar farcen babban yatsa, da lambarsa. Ka danna lambar, ka kira jirgin shi kaɗai, sauran ba ruwansu. Waya biyu tak ake bukata, ba yanka layi, ba makunnai.

Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Jirgi ya tsaya cik amma fitilarsa na ci, alhali namu da ka rage wuta fitila ke dushewa. Ya sa ɗaya ya yi rarrafe kamar hawainiya, ɗaya na gudu a bayansa. Sannan ya juya su suka fuskanci juna a layi ɗaya. Baba ya ɗaga hannun hagu yana wani gurnani. Duk rayuwarsa ta aiki, dokar ita ce jirgi biyu ba sa shiga tsakanin tasha da tasha a layi ɗaya. Yaya ya yi dariya, ya tsayar da su saura kaɗan su yi karo.

Dattijon ya tafa hannu ya ce, "Kai, wannan yaro ya kawo wahala. A zamanin mu, direba ya yi haka, aiki ya ƙare ke nan."

Sai Yaya ya miƙa hannu ya ɗauko baƙin Baba ya ɗora a sabon layin. Bai motsa ba. Wani siririn kuka ya kama yi kamar sauro a kunne. Na taɓa bayansa na ji yana ɗaukar zafi, na yi maza na ɗauke.

"Ba komai," in ji Yaya. "Sai an buɗe cikinsa an sa masa allon. Na zo da guda uku."

Na ce, "Sai mun yi magana." Bai ma ji ni ba, ana ta sa masa albarka.

Washegari da na dawo daga makaranta, tun daga zaure na ji warin dalma. Na shiga na tarar wayoyina a tare a ƙasa kamar an yi sharar gona. Makunnaina suna cikin kwanon sha. Jan jirgin na kwance a kan jarida, an cire masa murfi, Yaya na tsugune a kansa da sukudireba. Baba na kan kujerarsa, an ɗora masa sabon abin a cinya. Yatsansa na rawa, in ya nufi maɓalli ɗaya sai ya danne biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa.

Ban san lokacin da na cire mayafina ba. Na shimfiɗa shi a kan tebur, na ɗora baƙin, na ɗora koren, na tattara jan da murfinsa da 'yan kusoshinsa daga gaban Yaya, na ƙulle.

"Ke, mene ne haka? Ajiye su."

"Wa ka tambaya kafin ka tsinke wayoyin nan?"

"A gidan ubana sai na nemi izini?"

"Gidan ubanka ne, Yaya, ban musa ba. Amma dubi hannunsa. Dube shi da kyau."

"Zai saba. Kowa da koyo ya iya. Ke kin fi so ya zauna da kayan da Turawa suka zubar tun tuni?"

"Da kayan da aka zubar ɗin ya tashi hannun nan, kana can."

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya miƙe tsaye ya ce in ajiye jiragen kafin ransa ya ɓaci. Na ce ya daɗe bai ɓaci ba. Na durƙusa na ce wa Baba sai gobe, na ɗauki ƙunshina na fita, kaina ba mayafi, ɗankwali kawai, har bakin titi. Inna na kirana daga tsakar gida ban waiwaya ba.

Kafin magariba labari ya zaga dangi. Da safe sai ga Gwaggo a gidana da sandarta. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Ke yanzu saboda kayan wasan yara za ki ɗaga wa yayanki murya? Babban wa magajin uba. Mutum ya ɗauko kaya tun daga ƙasar Turawa, ki watsa masa ƙasa a ido?"

Na ce, "Gwaggo, in kayan wasan yara ne, me ya sa kika taso da sassafe a kansu?"

Ta riƙe haɓa. Ta ce dama tun ina ƙarama ta san za a rina. Ta ce in ɗauko su yanzu ta mayar da kanta. Na ce ta yi haƙuri, ko me za ta aike ni zan je, amma jiragen nan ba za su koma hannun mai sukudireba ba. Ta juya ga mijina, wanda ke shirin tafiya aikinsa a garin Obi. Shi kuwa ya ce, "Gwaggo, ni ma a gidan nan ba a ba ni izinin taɓa su ba." Ya hau babur ɗinsa ya tsere.

Na sa jiragen a ƙasan akwatin kayana. Kullum ina zuwa gaida Baba kamar yadda na saba, hannu wofi. Yaya in ya ji sallamata sai ya fita. Ɗakin jirgi a rufe, Baba na zaune a tsakar gida yana kallon kaji. Wannan ya fi maganar Gwaggo ciwo. Sau da yawa a hanyar komawa gida nakan ce gobe zan mayar, in na tuna yatsansa na lalube a kan maɓallan nan sai zuciyata ta sake bushewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya yi sallama a gidana. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa kunun aya. Ya daɗe yana juya kofin.

Ya ce, "Kin san sau nawa na shiga shagon nan ina kallon kayan kafin in saya? Ke kina nan kullum. Ni ba abin da nake iya yi masa sai in cika akwati in kawo."

Na ce na sani. Na ce kuma kayansa sun fi nawa, ba sai an faɗa mini ba, ni ma wutar nake koyarwa. Amma abin murɗawar nan, in Baba ya riƙe shi, yana jin jirgin a tafin hannunsa, ya san lokacin da zai taso kafin ya taso. Maɓalli kuwa sai ka duba, ka nemo lamba, ka danna daidai. Mai hannu ɗaya, na hagu, mai rawa, an mayar da shi ɗan kallo.

Ya ce ai tsarin nawa ma cike yake da makunnai, kuma ni ce ke kunna masa su. Da dijital ko jirgi goma za a sa ba a ƙara waya ko ɗaya ba. Nan gaba ma ba wanda zai ƙara ƙera irin namu.

Na ce, "To mu tambaye shi. Ni da kai muna ta ja, ba wanda ya tambayi mai kayan."

"Kin san ba ya iya magana."

"Yana iyawa. Kai ne ba ka iya jira ba."

Ya ajiye kofin. Na ɗauka tashi zai yi. Sai ya ce in ɗauko jiragen.

Muka tarar da Baba a inuwar mangwaro. Na jera jiragen uku a kan tire a gabansa. Yaya ya durƙusa ya yi masa bayani a hankali: in aka sa musu allon za su yi kaza da kaza, amma ba za su ƙara jin tsohon akwatin yadda suka saba ba. Sannan muka jira amsarsa. Yaya ya buɗe baki zai ƙara wani abu, na harare shi. Inna ta daina tankaɗe.

Baba ya ɗora hannu a kan baƙin. Leɓensa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"Wannan... nawa ne. A bar shi."

Na ji kamar in yi guɗa. Sai ya matsar da yatsa kan jan.

"Wannan... a sa masa. Fitilar." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Jirgi ya tsaya... ba a kashe fitila."

Ban zaci haka ba. Na ɗauka zai kori kayan Jamus gaba ɗaya. Ashe duk hayaniyar ranar farko, fitilar nan da ke ci a tsaye ita ta zauna masa a rai. Yaya ya kalle ni yana murmushi. Saura kore. Baba ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "Uwata... ta faɗa."

Na ce ba za a buɗe shi ba.

"Ko don ki ce kin ci biyu na ci ɗaya?" in ji Yaya.

Na ce ya fassara yadda ya ga dama. Na kuma kafa sharaɗi: za a yi layi biyu a kan teburin, na waje na tsohon akwati, na ciki na dijital, kuma ba inda ƙarfen ɗaya zai taɓa na ɗaya. Wayoyin da ya tsinke kuma tare za mu mayar. Ya ce wannan ɓarnar waya ce da ɓata lokaci. Na ce wayata ce, lokacinsa kuma hutu ya zo.

Asabar da Lahadi a ƙarƙashin tebur muka yi su, mu biyu, manya da mu, shi da furfura a gemu ni da goyon ciki. Ba mu yi wata hira ba, sai miƙo wannan, riƙe wancan. Ya buga kai a katako ya fi a ƙirga. Da aka zo sa wa jan allonsa, ya miƙo mini ƙarfen dalma ya ce ni zan yi, tunda in ya tafi ni za a nema in ya lalace. Ya nuna mini wace waya ke zuwa ƙafafu, wace ke zuwa inji, wace ke zuwa fitila, siraran abubuwa kamar gashi. Ya iya koyarwa, ban taɓa sani ba. Da na danna lamba fitilar ta kama, wani daɗi ya ratsa ni, amma na haɗe fuska na ce ba laifi.

Haka teburin ya zauna har ƙarshen ran Baba, shekarar da aka ba mu jiha. In na zo da la'asar, shi yana jan baƙin a layin waje, ni ina riƙe da abin Yaya, in kawo jan tashar Lafiya in tsayar da shi da fitilarsa, ya jira Baba ya wuce. In aka ɗauke wuta jan ya mutu a inda yake, baƙin ya ci gaba da batir. In akwai wuta kuwa, jan na yin wata tafiyar sanɗa da baƙin bai taɓa iyawa ba, Baba ya tsaya yana kallo yana gyaɗa kai. Sababbin jiragen biyu ma sun samu wuri a layin ciki, amma bai yarda a sa biyu su fuskanci juna ba ko sau ɗaya.

Ranar da hutun Yaya ya ƙare ni na raka shi tashar mota, zai bi ta Jos ya kama jirgin sama a Kano. An ɗaure kayansa, har da doyar da Inna ta dage sai ya kai wa abokinsa a Kano. Ya shiga gaba, ya leƙo ta taga.

"Na ji an fara yin na dijital mai abin murɗawa. In na dawo da shi zan zo. Sai in ga hujjar da za ta rage miki."

Na ce, "Ka zo da shi, Yaya, muna so. Sukudirebanka dai ka bar shi a Jamus."

Direba ya tambaya ko rigimar gado muke yi. Yaya ya ce masa ya ja mota kawai, wannan ba a gama magana da ita.